Tarihin marigayi Bach, makaɗin ƙasar Jamus

An haifi Johann Sebastian Bach a garin Eisenach, cikin ƙasar Jamus, a watan Maris na shekara 1685. Kiɗa gado ne a gidansu tun kaka da kakanni. Bai cika shekara 10 ba uwa da uba suka rasu, sai wansa, wanda ke kiɗa a majami'ar garin Ohrdruf, ya ɗauke shi ya riƙe, ya koya masa sana'a.

Mutum ne mai naci, mai taurin kai kuma. A shekara 1705 ya roƙi hutun sati 4, ya kama hanya a ƙasa, tafiyar kilomita kamar 400, zuwa Lübeck don ya saurari wani tsohon gwani mai suna Buxtehude. Bai komo ba sai bayan wata 4, magabatansa suka yi masa faɗa. A 1717, da ya matsa sai an sallame shi daga aikin fada, sarkin Weimar ya jefa shi gidan kaso, ya yi kusan wata guda. A 1720 ya komo daga tafiya ya tarar an riga an binne matarsa ta fari. Ƴaƴa 20 ya haifa da matansa biyu, 10 kaɗai suka girma. Daga 1723 ya zauna birnin Leipzig, yana koyarwa, yana shugabancin kiɗan majami'u.

A can ne, cikin shekara 1741, ya fitar da kiɗan da ake kira Goldberg. Ya tsara shi don kilabsan, wani abin kiɗa da ya riga piyano yaɗuwa. Idan an danna maɓallinsa, wani tsinken gashin tsuntsu ne ke taɓo tsirkiya ya sake ta, don haka ko an danna da ƙarfi muryarsa ba ta ƙaruwa. Bach ya fara da wata waƙa mai sanyi. Ƙarƙashinta akwai murya mai kauri wadda hannun hagu ke kaɗawa, mai gaɓa 32. Ita ce gindin kiɗan. Sai ya ajiye waƙar gefe, ya riƙe gindin, ya gina sabon salo a kansa har sau 30, wani na rawa, wani na gudu har hannuwa suna ƙetare juna, wani kuwa kamar kukan makoki. Kowane salo na uku, muryoyi biyu ne ke bin juna, ta baya tana maimaita abin da ta gaba ta faɗa. A na 30 ya cusa waƙoƙin talakawa na wasa, sa'an nan waƙar farko ta komo yadda take. Mai saurare yakan ji ta kamar sabuwa, alhali ko ɗigo ba a sake ba.

Wani marubuci ya ba da labari a 1802 cewa jakadan Rasha ne, mai fama da rashin barci, ya sa aka tsara kiɗan don yaronsa Goldberg ya riƙa kaɗa masa da dare. Masana da yawa suna shakkar wannan, gama yaron shekararsa 14 a lokacin, kuma ba a rubuta sunan jakadan bisa littafin ba.

A ƙarshen rayuwarsa ganinsa ya raunana. Wani likitan Ingila ya yi masa aikin ido sau biyu, abin ya ƙara ɓaci. Ya rasu ran 28 ga watan Yuli 1750 yana da shekara 65, matarsa Anna Magdalena kuwa ta mutu cikin talauci bayan shekara 10. Sai a 1933 Wanda Landowska ta fara ɗaukar Goldberg bisa faifai da kilabsan. A 1974 aka gano littafin Bach na kansa a birnin Strasbourg na Faransa, ashe ya ƙara wasu gajerun salo 14 da hannunsa a shafin ƙarshe, duka bisa sauti 8 na farkon gindin nan.