Srinivasa Ramanujan: Akawun da ake karrama matasan masana lissafi da sunansa

Duk shekara ana bayar da manyan kyaututtuka biyu ga matasan masu bincike a fannin lissafi, kuma dukkansu sunan mutum guda suke ɗauke da shi, wato Srinivasa Ramanujan. Ɗaya ana miƙa ta ne a garin Kumbakonam na kudancin Indiya ga wanda bai wuce shekara 32 ba. Ɗayar kuma daga birnin Trieste na ƙasar Italiya take fitowa, an keɓe ta ga 'yan ƙasashe masu tasowa da ba su kai shekara 45 ba.

Mutumin da ake tunawa da shi ta wannan hanya ya sha faɗuwa jarrabawar kwaleji, an janye masa tallafin karatu, ya yi shekaru yana gararamba da littattafansa a hammata yana neman aikin akawu. Abin da ya hana baiwarsa salwanta shi ne 'yan kuɗin wata-wata da wasu ma'aikatan gwamnati suka tsaya kai da fata har ya samu.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Ramanujan ranar 22 ga Disamba, 1887 a garin Erode, cikin yankin Madras na wancan lokaci, wanda a yau ake kira Jihar Tamil Nadu. Indiya tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila a lokacin. Mahaifinsa akawu ne a wani kantin sayar da tufafi a Kumbakonam, mahaifiyarsa Komalatammal kuma tana rera waƙoƙin addininsu na Hindu a wani wurin ibada da ke garin. Gidan na masu asali ne a cikin al'ummarsu, sai dai babu wadata. Yana ɗan shekara biyu ya kamu da cutar agana, ya warke, amma ƙannensa da dama sun mutu tun suna jarirai.

Saboda ƙarancin abin hannu, iyayensa sukan bai wa ɗaliban kwaleji hayar ɗaki. Daga wurin waɗannan baƙi yaron ya fara tatsar ilimin lissafi, kuma kafin ya cika shekara 12 ya ƙure abin da suka sani. A 1897 ya zo na ɗaya a gundumarsu a jarrabawar gama firamare. Yana shekara 13 ya laƙanci wani littafin lissafin kusurwoyi da aka rubuta domin 'yan kwaleji.

A 1903 aka aro masa wani tsohon littafi na wani malami Bature mai suna G. S. Carr, wanda ya jera dubban ƙa'idojin lissafi ɗaya bayan ɗaya, galibinsu ba tare da cikakkiyar hujja ba. Carr ya tsara shi ne domin masu shirin jarrabawa. Ramanujan ya bi ƙa'idojin yana tabbatar da kowace da kansa, daga nan ya zarce yana gano sababbi. Ya kuma ɗauki salon littafin: ya rubuta sakamako kawai, ya bar hanyar da ya bi a cikin kansa. Wannan ɗabi'a ta jawo masa wahala daga baya.

Jarrabawar da ta kayar da shi

A 1904 ya gama sakandare da kyautar gwarzon lissafi, aka ba shi tallafin karatu a Kwalejin Gwamnati ta Kumbakonam. Sharaɗin tallafin shi ne ɗalibi ya ci dukkan darussa. Shi kuwa lissafi ya riga ya mamaye masa zuciya, ko a ajin Turanci ko na tarihi lissafinsa yake yi. Ya faɗi, aka janye tallafin. Kunya ta sa ya gudu daga gida a 1905, ya yi makonni ba a san inda yake ba.

Ya sake gwada sa'a a Kwalejin Pachaiyappa da ke birnin Madras. Nan ma bai tsallake ba, ya faɗi a ƙarshen 1906, ya sake faɗuwa bayan shekara guda. Haka ya bar makaranta ba shi da takardar shaida, a ƙasar da takarda ita ce mabuɗin kowane aikin ofis.

Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne. Yana koyar da 'ya'yan mutane a gida don ya sami na abinci, sauran lokacinsa kuma yana kan allo da alli, domin takarda ta fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya gama aiki a kan allo, ya kwafe sakamakon a littafi, ya goge sauran. A watan Yuli 1909 mahaifiyarsa ta yi masa aure da wata yarinya mai suna Janaki, bisa al'adarsu ta wancan zamani ta aurar da yara ƙanana. Nauyin iyali ya tilasta masa fita neman aiki.

Ma'aikatan da suka riƙe shi

A 1910 ya je wurin V. Ramaswamy Aiyer, wani jami'in haraji wanda shi ne ya kafa Ƙungiyar Masana Lissafi ta Indiya, yana roƙon aikin akawu. Da jami'in ya duba littattafansa, sai ya ga asara ce a binne irin wannan kai a ofishin haraji. Ya ba shi takardun gabatarwa zuwa ga abokansa a Madras.

Ta haka ya isa ga R. Ramachandra Rao, babban jami'in gundumar Nellore. Da farko Rao ya yi shakka, yana ganin ko dai saurayin ya ruɗe ne ko kuma kwafe ya yi. Sai da suka zauna fiye da sau ɗaya kafin ya gamsu. Da ya tambaye shi buƙatarsa, abin da Ramanujan ya nema bai wuce abin sawa a baki ba, domin ya sami sukunin ci gaba da bincike. Rao ya ɗauki nauyin ba shi kimanin rufi 25 duk wata daga aljihunsa. A 1911 maƙalarsa ta farko ta fito a mujallar ƙungiyar.

Zama a ƙarƙashin kyautar wani bai kwanta masa a rai ba. A watan Maris 1912 ya sami aikin akawu a sashen kuɗi na Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Madras, a kan albashin rufi 30 a wata. A nan ya yi gamo da katar. Shugabansa na kusa, S. Narayana Iyer, mai sha'awar lissafi ne, har sukan raba dare suna aiki tare a kan allo. Shugaban hukumar, Sir Francis Spring, shi ma ya ɗauki lamarinsa da muhimmanci, ya riƙa tura ayyukansa ga masana don su tantance.

Wasiƙar da ta isa Kambirij

Abokansa sun ba shi shawarar ya rubuta wa malaman Ingila. Biyu daga cikin manyan malaman Jami'ar Kambirij, H. F. Baker da E. W. Hobson, ba su taimaka masa da komai ba. Ranar 16 ga Janairu, 1913 ya rubuta wa na uku, G. H. Hardy na Kwalejin Trinity, ya haɗa da shafuka cike da ƙa'idoji sama da 100, babu hujja.

Hardy ya fara zargin ko zamba ce. Da ya zauna da abokin aikinsa J. E. Littlewood suka duba, sai suka ga wasu ƙa'idojin sanannu ne, wasu 'yan kaɗan akwai kuskure, amma akwai waɗanda ba su taɓa ganin irinsu ba, kuma ba abu ne da ɗan damfara zai iya ƙirƙira ba. Ranar 8 ga Fabrairu Hardy ya ba da amsa, yana yabawa kuma yana neman hujjoji.

Wannan amsa ta girgiza hukumomin Madras. Gilbert Walker, shugaban hukumar nazarin yanayi ta Indiya, wanda shi ma masanin lissafi ne daga Kambirij, ya rubuta wa Jami'ar Madras yana ba da shawarar a tallafa masa. Dokar jami'ar ta tanadi tallafin bincike ga masu babban digiri ne kawai, Ramanujan kuwa ko na farko ba shi da shi. Hukumar jami'ar ta ɗage masa sharaɗin, ta ba shi rufi 75 a wata na tsawon shekara biyu, daga watan Mayu 1913. Karon farko ke nan a rayuwarsa da aka biya shi domin ya yi lissafi kawai.

Shekaru biyar a Ingila

Hardy ya so ya zo Kambirij, amma al'adar gidansu ta hana ƙetare teku. Sai a farkon 1914, bayan zuwan wani malami mai suna E. H. Neville Madras, da kuma amincewar mahaifiyarsa, ya yarda. Jami'ar Madras ta ware masa fam 250 a shekara. Ya shiga jirgin ruwa ranar 17 ga Maris, 1914, ya isa Landan cikin watan Afrilu.

Aikinsa da Hardy ya yi albarka, domin kowa ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi: Ramanujan yana hango sakamako, Hardy kuma gwani ne wajen kafa hujja. Shahararren aikinsu shi ne na ƙirga hanyoyin kasa lamba. Idan ɗan kasuwa yana da buhu 4, zai iya kasa su ta hanya 5: ya bar su kashi ɗaya, ko 3 da 1, ko 2 da 2, ko 2 da 1 da 1, ko kowane buhu shi kaɗai. Idan buhunan suka kai 200, hanyoyin sun kai 3,972,999,029,388. A 1918 suka wallafa wata ƙa'ida da ke fitar da irin wannan adadi ba tare da an zauna ƙirge ba, kuma dabarar da suka ɓullo da ita har yau masana suna aiki da ita.

A 1916 Kambirij ta ba shi digiri bisa bincikensa. A watan Mayu 1918 aka zaɓe shi mamba a Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Birtaniya, yana da shekara 30, shi ne Ba'indiye na biyu da ya sami wannan matsayi. A watan Oktoba na shekarar ya zama Ba'indiye na farko da aka zaɓa cikin malaman Kwalejin Trinity.

Sai dai jikinsa ne ya biya farashin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke watanni kaɗan bayan isarsa. Ba ya cin nama saboda addininsa, shi yake dafa abincinsa, ga kayan miya sun yi wuya, ga sanyi, ga kaɗaici. Daga 1917 ya koma jinya daga wannan asibiti zuwa wancan, likitoci suna ɗaukar tarin fuka ne. A ɗaya daga cikin ziyarar dubiya Hardy ya ambaci lambar tasin da ya hau, 1729, yana ganin ba ta da wani abin sha'awa. Nan take majinyacin ya nuna masa cewa ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ake samu ta hanya biyu in an haɗa irin waɗannan ninki: 1×1×1 da 12×12×12, ko kuma 9×9×9 da 10×10×10.

Komawa gida

A watan Janairu 1919, da ya sami labarin cewa Jami'ar Madras ta ƙara masa wa'adin tallafi, ya rubuta wa magatakardar jami'ar cewa kuɗin sun fi buƙatarsa. Ya nemi a riƙa bai wa iyayensa fam 50 a shekara, abin da ya ragu bayan hidimarsa kuma a yi amfani da shi wajen rage wa 'ya'yan talakawa da marayu kuɗin makaranta da saya wa makarantu littattafai. Wanda aka taɓa janye wa tallafi ya san zafin abin.

Ya koma Indiya a watan Maris 1919 a rame. Janaki ta yi jinyarsa, shi kuma bai daina rubutu ba ko a kan gado. A watan Janairu 1920 ya aika wa Hardy wasiƙarsa ta ƙarshe, yana bayanin wani sabon nau'in lissafi da ya gano, wanda sai a 2002 wani matashi ɗan ƙasar Holan, Sander Zwegers, ya warware asalinsa. Ramanujan ya mutu ranar 26 ga Afrilu, 1920, yana da shekara 32. A 1994 D. A. B. Young ya sake nazarin bayanan jinyarsa, ya ce sun fi kama da ciwon hanta da ƙwayar cutar atuni ke haddasawa, ciwon da ake iya magancewa in an gano shi.

Ya bar sakamako kusan 3,900. A 1976 masani George Andrews ya gano wasu takardun shekararsa ta ƙarshe a ɗakin karatu na Trinity. Bruce Berndt kuma ya shafe shekaru masu yawa yana kafa hujjojin abin da ke cikin littattafansa, aikin da ya fito a mujalladi biyar tsakanin 1985 da 1998. Mafi yawan abin da ya rubuta ya tabbata daidai.

Kyaututtukan da ke ɗauke da sunansa

A 2005 Jami'ar SASTRA ta kafa kyautar dala 10,000 ga masanin da bai wuce shekara 32 ba, wato shekarun da Ramanujan ya yi a duniya. Manjul Bhargava da Kannan Soundararajan ne suka fara cin ta. Daga cikin waɗanda suka karɓe ta, Bhargava, Akshay Venkatesh, Peter Scholze, James Maynard da Maryna Viazovska duk sun je sun ci lambar Fields daga baya, wadda ita ce mafi daraja a fannin lissafi.

A shekarar ce kuma cibiyar ICTP ta Trieste, wadda masanin kimiyya ɗan Pakistan Abdus Salam ya kafa a 1964, ta fara bayar da tata kyautar ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, rukunin da Najeriya da Nijar ke ciki. Marcelo Viana na Barazil ne ya fara samu. A 2011 Philibert Nang na Gabon ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci ta, a 2022 kuma Mouhamed Moustapha Fall na Senegal ya biyo baya. Indiya ta mayar da ranar haihuwarsa, 22 ga Disamba, Ranar Lissafi ta Ƙasa.

Hikimar sanya iyakar shekaru a waɗannan kyaututtuka tana cikin tarihinsa. Daga barinsa kwaleji zuwa samun tallafin Jami'ar Madras an yi sama da shekara biyar, daga samun tallafin zuwa mutuwarsa kuma shekara bakwai kacal. A cikin bakwai ɗin nan aka wallafa kusan dukkan ayyukan da duniya ta san shi da su. Waɗanda suka riƙe shi kafin a kai ga haka, jami'in haraji ne, da jami'in gunduma, da shugaban sashen kuɗi a tashar jiragen ruwa, mutanen da suka buɗe littafin wani saurayi marar takardar shaida suka karanta kafin su yanke masa hukunci.