Paul Ehrlich (1854–1915): Likitan da Ya Aza Harsashin Nazarin Yadda Cuta ke Kama Jiki

An haifi Paul Ehrlich ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Ya kammala karatun likitanci a Leipzig ta Jamus a shekarar 1878, da kundi kan rina tsokar jiki domin dubawa a madubin likita. Tun a nan ya lura cewa kowane rini yana da irin ƙwayar halittar da yake kamawa, kuma a kan wannan lura ya gina aikinsa duka.

A shekarar 1891 ya yi gwaji da dafin da ke cikin ƙwayar zurma da na idon zakara. Ya riƙa ba ɓeraye dafin kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samu garkuwa, ya kuma gano cewa garkuwar ɗayan ba ta kare su daga ɗayan. A 1897 ya fito da ra'insa: dafi ba ya illa sai ya samu madafa ta musamman a jikin ƙwayar halitta ya maƙale mata.

Ehrlich ya riga bayanin wannan madafa rasuwa. Daga baya aka tabbatar cewa dafin tsirran biyu furotin ne mai kama sukarin galaktos da ke fatar ƙwayar halitta. An kuma samu irin wannan ɗabi'a a bakteriya: dafin kwalara yana kama sukarin da ke bangon hanji, yayin da E. coli mai haddasa ciwon mafitsara ke riƙe sukarin manos da wani furotin da ke bakin gashinta, don kada fitsari ya wanke ta. A yau da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke rasa ƙarfi, masana na neman maganin da zai toshe wannan furotin, ƙwayar ta rasa madafa.

Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1908 tare da Élie Metchnikoff. A 1910 aka fitar da Salvarsan, maganin tunjere da ya samar tare da Sahachiro Hata, ɗan ƙasar Japan. Ya sha suka mai zafi a kan illolin maganin, har abin ya kai gaban kotu. Ya rasu a Bad Homburg ranar 20 ga Agusta, 1915.