Jim Peters: Gwarzon gudun fanfalaki da ƙishirwa ta kayar ana saura mita 200

Ranar Asabar 7 ga watan Agustan 1954, kimanin mutum 35,000 ne suka cika filin wasa na Empire da ke birnin Vancouver a ƙasar Kanada, inda ake gasar wasannin ƙasashe renon Ingila. Ba a daɗe da gama tseren mil ɗaya tsakanin Roger Bannister da John Landy ba, sai ga wani siririn Bature ya shigo filin yana tangaɗi kamar mashayi. Jim Peters ke nan, ɗan Ingila, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi sauri a gudun fanfalaki a duk duniya. Ya ba na bayansa ratar kusan minti 17, kuma abin da ya rage masa bai kai zagayen fili ɗaya ba. Duk da haka bai ƙarasa ba, kuma daga wannan rana bai sake shiga tsere ba.

Daga shagon tabarau zuwa titi

An haifi James Henry Peters ranar 24 ga Oktoban 1918 a gabashin Landan. Sana'arsa haɗa wa mutane tabarau, gudu kuwa sha'awa ce kawai, domin a wancan zamani ba a biyan masu tsere ko sisi. Ƙungiyar Essex Beagles yake yi wa gudu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a sashen kula da lafiya na rundunar sojan Birtaniya.

A gasar Olamfik ta Landan a 1948 ya shiga tseren mita 10,000, inda Emil Zatopek na ƙasar Cekoslobakiya ya tsere masa da zagaye guda cur. Abin ya yi masa ciwo har ya yi tunanin ajiye gudu. Mai horar da shi, Johnny Johnston, shi ya ba shi shawarar ya koma gudun fanfalaki mai nisan kilomita 42 da mita 195, wato kusan tazarar da ke tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa.

Peters ya zo da salon atisayen da ba a saba gani ba. Magabatansa kan yi doguwar sassarfa a hankali, shi kuwa da ƙarfi yake gudu, sau biyu a rana, har yakan haura kilomita 160 a mako, sanye da takalman kambas masu araha. A 1951 ya lashe tseren Polytechnic da ake yi daga Windsor zuwa Chiswick. A watan Yunin 1952 ya sake lashe shi cikin awa 2 da minti 20 da daƙiƙa 42, ya zaftare kusan minti biyar daga tarihin duniya.

Wata guda bayan haka, a Olamfik ta Helsinki, ya sake haɗuwa da Zatopek, wanda bai taɓa yin gudun fanfalaki ba sai ranar. Peters ya fita da wuta tun farko, amma daga baya tsokar ƙafarsa ta ɗaure, ya fice daga tseren, Zatopek ya ɗauki zinare. Bai karaya ba. A watan Yunin 1953 ya zama mutum na farko da ya yi wannan nisa a ƙasa da awa 2 da minti 20. A watan Oktoban shekarar ya ƙara rage lokacin a Turku ta ƙasar Finland, sannan a Yunin 1954 ya yi awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 39. Sau huɗu ke nan yana kafa tarihin duniya cikin shekara biyu.

Zamanin da shan ruwa yake abin kunya

Wanda ya saba ganin masu tseren yau suna fizgar gora suna kurɓa zai yi mamakin yadda su Peters suke yi. A wancan lokaci masu horarwa sun yi imani cewa ruwa yana nauyaya ciki, yana jawo ciwon haƙarƙari, yana kuma rage sauri. Mai gudun da ya tsaya shan ruwa, kallon rago ake yi masa. Da yawa sukan kurkure baki su tofar, ko su matse jiƙaƙƙen soso a ka, ko su tsotsi ɓarin lemo. Wasu kan kurɓi shayi mai sukari. Kafin tsere kuwa, da yawa nama da ƙwai suke ci, a tunaninsu nama ne ke ba da ƙarfi.

Doka ma tana bayan wannan ra'ayi. Ƙa'idar hukumar wasannin tsalle-tsalle da guje-guje ta duniya ta 1953 ta hana ba mai gudu abin sha sai ya yi kilomita 15, daga nan sai bayan kowace kilomita 5, kuma ba a yarda ya riƙo nasa ba.

Al'adar ta girmi Peters. A Olamfik ta 1904 a St. Louis ta Amurka, an yi tseren cikin zafi da ƙura, kuma wuraren shan ruwa a hanya ba su wuce biyu ba. Mutum 32 suka tashi, 14 suka ƙarasa. Wanda ya ci, Thomas Hicks, masu kula da shi sun ɗura masa farin ƙwai da barasa da ɗan sinadarin da ake gubar ɓera da shi, wai don su farfaɗo da shi. Da ƙyar ya kai layi, ana tallabe da shi.

Peters ya gaji wannan tunani ya kuma riƙe shi da gaskiya. A ganinsa mai gudun fanfalaki ba ya buƙatar abinci a hanya, ruwa kuma a yi iya ƙoƙari a guje masa. A sanyin Ingila dabarar ba ta nuna aibinta ba, tunda yana cin tsere yana kafa tarihi.

Ranar Vancouver

An tashi tseren Vancouver da tsakar rana, a kan titi mai hawa da gangara. Mutum 16 suka shiga. Mako guda kafin nan Peters ya samu tagulla a tseren mil shida. Kamar kullum ya fita da ƙarfi, bai sassauta saboda rana ba. Abokinsa Stan Cox, wanda ke biye da shi, zafi ya juyar masa da kai har ya yi karo da turke a bakin titi, aka kwashe shi zuwa asibiti. Peters bai san haka ba. Ya ɗauka Cox na dab da shi, sai ya ci gaba da matsa wa kansa, alhali ko da tafiya ya koma da ya ci.

Jikin mai gudu a cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a kowace awa. In ba a mayar da ruwan ba, jini yakan ragu, zuciya ta ƙara wahala, jiki ya kasa sanyaya kansa. Ga kuma sukarin da tsoka ke ajiyewa, wanda yakan ƙare wajen kilomita 30 in ba a ƙara wani ba. Idan zafin jiki ya wuce kima, ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa.

Haka ta faru da Peters a gaban jama'a. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya yi rarrafe, ya nufi inda ba hanya ba. Jami'ai suka tsaya suna kallo, domin duk wanda ya taɓa shi ya jawo an soke tserensa. Ya shafe kusan minti 11 a kan abin da bai wuce mita 200 ba. Da ya kai layin da aka gama tseren mil ɗaya, ma'aikacin tawagar Ingila Mick Mayes ya rungume shi. Layin gudun fanfalaki kuwa yana can ɗaya gefen filin, saura kimanin mita 200. Aka ɗauke shi a sume zuwa asibiti, inda aka yi masa ƙarin ruwa. Joe McGhee na Sikotlan ne ya ci tseren cikin awa 2 da minti 39 da daƙiƙa 36, kuma mutum shida kacal suka ƙarasa.

Peters ya yi ritaya yana da shekara 35, ya koma kan sana'arsa ta tabarau. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, wanda abin ya faru a kan idonsa, ya aika masa da lambar yabo ta musamman. Tarihinsa ya tsaya har 1958, lokacin da Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet ya karya shi, kafin Abebe Bikila na Habasha ya karɓe a Rum a 1960 ba tare da takalmi ba. Peters ya rasu ranar 9 ga Janairun 1999 yana da shekara 80.

Abin da ya sauya

Sai a shekarun 1960 aka fara gyara. A 1965 likita Robert Cade da abokan aikinsa a Jami'ar Florida suka haɗa Gatorade, wanda ainihinsa ruwa ne da sukari da gishiri. Masu bincike a Suwidin suka nuna cewa abinci mai sitaci, irin su shinkafa da dankali da burodi, shi ke cika rumbun tsoka kafin doguwar tsere. A 1969 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, Wyndham da Strydom, suka wallafa bincike kan haɗarin ƙarancin shan ruwa a gudun fanfalaki. A hankali aka sassauta dokar, har ta kai yau ana ajiye abin sha duk bayan kimanin kilomita 5 tun daga farkon tsere.

Daga baya kuma aka gano cewa wuce gona da iri ma haɗari ne. Ɗirkar abin sha fiye da buƙata yana tsinka gishirin jini, abin da ya yi ajalin wata mai gudu a tseren Boston na 2002. Zafi kuwa har gobe ba a raina shi. A gasar duniya ta Doha a 2019 an yi tseren mata da tsakar dare, amma duk da haka 28 daga cikin 68 suka kasa ƙarasawa.

Zafin da ya kayar da Peters bai kai digiri 30 a inuwa ba. A Dogon Dutsi da Tibiri, a watannin Afrilu da Mayu, yakan haura 40. Matasan da ke gudu a bakin kwalta suna shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma, da ƴan ƙwallon unguwa, da ƴan uwanmu masu aikin gini a Aljeriya da Libiya da Saudiyya, duk a irin wannan rana suke zubar da gumi, kuma da yawansu har yanzu suna ɗaukar jure ƙishirwa a matsayin jarumta.

Manomin Arewa bai taɓa yarda da wannan ba. Ba ya fita gona sai da goran ruwa, da hantsi kuma a kai masa fura da nono. Abin da likitocin wasanni ke faɗa yau bai yi nisa da haka ba: a yi gudu da asuba ko bayan la'asar, a ci abinci mai sitaci tun daren jiya, a sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, in gumi ya yi yawa a haɗa da ɗan gishiri da sukari. Wanda kuma aka ga ya fara tangaɗi ko sambatu a cikin rana, kada a tsaya kallonsa kamar yadda aka yi wa Peters. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a garzaya da shi asibiti.