Kamaluddin al-Farisi: Malamin da ya gano sirrin bakan gizo cikin ƙwallon gilashi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton bakan gizo biyu da wayarsa zai lura na saman dishi-dishi yake, launukansa kuma a juye, ja yana daga ciki. Shekaru 700 da suka wuce, wani malami a birnin Tabriz na ƙasar Iran ya bayyana dalili.

An haifi Kamaluddin al-Farisi wajajen 1267. Malaminsa Ƙuɗubuddin al-Shirazi ne ya haɗa shi da littafin Ibn al-Haisam kan haske. Ibn al-Haisam ya ɗauka gajimare ne ke maido haske kamar madubi, amma duk girmansa, al-Farisi bai gamsu ba.

Sai ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a madadin ɗigon ruwan sama, ya ajiye shi a ɗaki mai duhu, hasken rana na shigowa ta ƴar kafa. Ya ga hasken yana lanƙwashewa wajen shiga, ya daki bayan ƙwallon ya dawo, ya sake lanƙwashewa wajen fita. In dukan ya zama sau biyu, baka na biyu ke fitowa. Ya rubuta hakan cikin littafinsa Tanƙihul Manazir.

A wannan zamanin ne wani malamin coci a Jamus, Tiyodorik, ya cimma sakamako iri ɗaya, alhali ba su san juna ba. Al-Farisi ya rasu a Tabriz wajajen 1319.