Stella Walsh: 'Yar tseren Poland da gardama ta biyo bayan mutuwarta

An haifi Stanisława Walasiewicz a Poland a 1911, amma a birnin Cleveland na Amurka ta tashi, inda ake kiranta Stella Walsh. Poland ta wakilta a gasar Olamfik ta 1932 a Los Angeles, ta ci zinare a tseren mita 100 cikin daƙiƙa 11.9.

A Berlin a 1936 Helen Stephens ta Amurka ta sha gabanta. Nan aka yi ta zargin wai Stephens namiji ce, har sai da likitoci suka duba ta, zargin ya faɗi.

Ranar 4 ga Disamba, 1980, 'yan fashi suka harbe Walsh a Cleveland. Binciken gawa ya nuna ita ce ma mata-maza, alhali a mace ta yi duk rayuwarta. An sha cece-kuce, amma ba a ƙwace lambobinta ba.