Shaihu Abdullahi na Gwandu: Magajin Zuriyar Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa Annabi Ibrahimu alkawarin shugabanci, kuma ya sanya annabci da littafi cikin zuriyarsa ta hanyar Isma'ila da Ishaƙu, amma ya bayyana masa cewa azzalumai ba su da rabo a wannan alkawari. Wanda ya duba rayuwar Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo zai ga ɓangarorin nan biyu a fili.

An haifi Shaihu Abdullahi wajen shekarar 1766 cikin Toronkawa. Kakansu na nesa, Musa Jakollo, ya taso daga Futa Toro ta ƙasar Senegal ta yau, ya sauka a ƙasar Ƙonni. Daga nan zuriyar ta koma Maratta, inda aka haifi wansa Shehu Usmanu a 1754, sannan Dagel. Duk inda suka sauka allo da tawada ba su rabu da gidan ba, har mahaifinsu Muhammadu ya sami laƙabin Fodiyo, watau malami da Fulatanci. Ruwayar da malaman Sakkwato suka rubuta tana kai asalin Toronkawa ga Annabi Ishaƙu ta wajen ɗansa Isu, wanda sunansa ya zo a Attaura tare da na ɗan'uwansa Yaƙubu.

Abdullahi ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa. Yana da shekara 13 aka danƙa shi hannun Shehu, daga baya kuma ya ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya rubuta Kitabun Nasab a kan asalin danginsa, ya kuma rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu, domin a wurinsa silsilar ilmi nasaba ce da ya wajaba a kiyaye.

Ya yi hijira tare da Shehu zuwa Gudu a 1804, kuma shi ne ya ja rundunar jama'a a Tafkin Kwatto a wannan shekara. Amma da ya ga kwaɗayin mulki da ganima ya fara shiga zukatan wasu, sai ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya koma.

A 1812 Shehu ya ba shi kula da yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, abin da ya jawo sanyin zumunci tsakaninsu. Bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, sai baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, fitina ta mutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar littattafai masu yawa, cikinsu har da tafsirinsa Liya'ut Tawili.

Har yau sarautar Gwandu tana hannun jikokinsa, kuma ana karanta littattafansa a zaurukan malamai a Nijeriya da Nijar. To, mu mutanen Gabi da kewayen Madarunfa, kowa ya san sunan kakanninsa. Abin tambaya shi ne me muke miƙa wa 'ya'yanmu tare da sunan, domin Allah yana cika alkawarinsa ga gidan da ya riƙe ilmi da taƙawa.

Allah ya jiƙan Shaihu Abdullahi, ya shiryi zuriyarmu, amin.