Malam Aminu Kano da Ƙuri'ar Talaka

An haifi marigayi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya ga yadda talaka yake durƙusawa gaban hukuma. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauci inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sa'an nan ya tafi Ingila ƙaro ilmi cikin 1946. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin malanta a Maru, ya dawo Kano ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ran 8 ga Agusta na shekarar.

Zaɓen 1951 shi ne ya nuna masa inda gizo yake saƙa. A wancan lokaci zaɓe hawa-hawa ake yi. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gaba, a yi ta tacewa har a kai majalisar zaɓe ta lardi, ita ce kuma take fitar da masu zuwa Kaduna. Bugu da ƙari, doka ta ba En'e ikon cusa mutanenta, kimanin ɗaya bisa goma, a hawa na ƙarshe. 'Yan NEPU sun yi rinjaye a hawan farko cikin birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya nasu bai shiga majalisa ba. Abin lura a nan shi ne, ba a saci ƙuri'ar kowa ba. Tsarin ne kansa ya haɗiye ta.

Daga nan Malam ya duƙufa wajen neman zaɓen kai tsaye, a asirce, kowane baligi da ƙuri'arsa, namiji ko mace. Wannan magana ta mata ta jawo masa baƙin jini ƙwarai, har a wurin waɗansu malamai, shi kuwa da Alƙur'ani da Hadisi yake kafa hujjarsa. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba. Shi kansa ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956. Sai a 1959, da aka yi zaɓen tarayya kai tsaye da akwati, ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisa Ikko. Amma maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa a wannan zaɓe, alhali matan Kudu sun jefa.

Matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, kuma gwamnatin soja ce ta ba su, ba 'yan siyasa ba. A zaɓen 1979 suka fito suka yi layi, jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, gwamnonin biyu kuma suka soke haraji da jangali. Shi dai Malam bai sami shugabancin ƙasa ba, jihar Kano kaɗai ya ci.

Yana cikin shirin sake tsayawa, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa, sai ajali ya riske shi a gidansa na Gwammaja ran 17 ga Afrilu, 1983, saura wata huɗu zaɓe.